Shin in cire wa ɗana mai galahanga alkama da madara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara huɗu, bara likita ya tabbatar mana yana da lalurar galahanga, wadda suke kira otizim. Abincinsa bai wuce huɗu ba: Indomie, burodi da shayi mai madara, farar shinkafa da mai ba miya, sai nono. Ko gefen shinkafar miya ta taɓa, ya fasa ci ke nan. A wani zauren iyaye na WhatsApp an ce in cire masa duk abin da aka yi da alkama da duk dangin madara, wai su ke rikita masa ƙwaƙwalwa, wata ma ta ce ɗanta ya fara magana bayan ta cire. Akwai kuma mai tallar wasu ƙwayoyi da nonon raƙumi. Kakarsa kuwa cewa take sangarta ce, a bar shi da yunwa zai ci. Don Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya miki shi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Aikina tsara abincin yara ne a asibiti, kuma da wuya wata ya wuce wata uwa ba ta zo min da wannan tambayar ba. Wata ma sai ta riga ta cire ɗin, yaro ya zube, sannan a kawo shi.

Kada ki cire masa komai yanzu. Mu ƙirga tare. Indomie alkama ce, burodi alkama ne, shayinsa da madara, nono kuwa ba sai an faɗa ba. Idan kika bi shawarar zauren nan, abin da zai rage wa yaro ɗan shekara huɗu shi ne farar shinkafa da mai. Babu abin gina tsoka, babu abin gina ƙashi, babu abin ƙara jini. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Abin da ya fi damuna game da ɗanki shi ne ɗimbin abincin da ba ya ci, kuma duk aikin da ke gabanmu na faɗaɗa kwanonsa ne.

Akwai nauyin da nake so ki fara saukewa daga zuciyarki. Ba nononki ne ya jawo masa galahanga ba, ba kuma wani abinci da kika ba shi ko kika kasa ba shi ba. Yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne, da shi ake zuwa duniya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da ita, kuma wani babban bincike na 2019 da ya bi yara kimanin miliyan 2 a ƙasashe biyar ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na dalilinta gado ne. Har yau babu abinci ko ƙwaya da aka tabbatar tana kawar da ita. Amma abinci yana da hannu ƙwarai a yadda yaro zai rayu da ita. Yaron da cikinsa ke murɗawa, jininsa ya yi ƙasa, ya kwana biyar bai yi bayan gida ba, ba zai yi barci ba, ba zai saurari malaminsa ba. Tunda kuma ba shi da bakin da zai ce miki ga inda ke ciwo, sai ya faɗa da ihu da cizo da buga kai a bango.

Maganar cire alkama da madara tana da asali, ba daga sama ta faɗo ba. A 1979 wani masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, Jaak Panksepp, ya kawo tunanin cewa wasu halayen galahanga sun yi kama da na wanda sinadarai masu sa maye irin na ofiyam suka yi wa yawa a jiki. Wani likita a Norway, Karl Reichelt, ya ɗora a kai: ya ce wataƙila gulutin da ke cikin alkama da kesin da ke cikin madara ba sa narkewa sarai a hanjin waɗannan yara, sai ɓurɓushinsu ya yoyo cikin jini ya kai ƙwaƙwalwa. Tunani ne mai shiga kai, shi ya sa ya bazu. Sai dai da aka zo da na'urorin awo masu inganci aka duba fitsarin yaran a Birtaniya a 2008, ba a ga ɓurɓushin ba.

Gwajin da na fi yarda da tsarinsa shi ne wanda Dakta Susan Hyman da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Rochester ta Amurka, aka buga shi a 2016. Yara 14 ne, 'yan shekara uku zuwa biyar. An cire musu alkama da madara tsaf na makonni, masana abinci na sa ido don kada su rasa abin da jiki ke buƙata. Daga nan, mako 12 a jere, sau ɗaya a mako ake ba kowane yaro wani ɗan abin taɓawa. Wani mako akwai gulutin a ɓoye a ciki, wani mako kesin, wani duka biyun, wani kuma babu ko ɗaya, kuma iyaye da malamai da masu awon duk ba su san wanne ne wanne ba. Ba a ga bambanci ba a hali, ko barci, ko bayan gida. Yaran ba su da yawa, wannan gaskiya ne, kuma an ware masu ciwon hanji na zahiri tun farko. Amma sauran gwaje-gwajen da aka rufe idon iyaye a cikinsu ma haka suka fito, kuma tun 2013 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a yi amfani da cire abinci a matsayin maganin galahanga.

Ni kuwa hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin madafinmu. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, duk babu gulutin a cikinsu. Yana cikin alkama ne da abin da aka yi da fulawa: burodi, gurasa, taliya, fanke, cincin, alkaki, funkaso, biskit, Semovita. Yaron ƙauye da ya tashi da koko da safe, fura da rana, tuwon dawa da dare, burodi sai ranar kasuwa, ai tun haihuwa kusan yana kan tsarin da Turawa ke kashe maƙudan kuɗi su bi. Kuma muna ganin irin waɗannan yara a asibiti da galahanga sosai da sosai.

Matar da ta ce ɗanta ya fara magana, ban ƙaryata ta ba, abin da ta gani ta faɗa. Sai dai tsakanin shekara uku zuwa shida ne yawancin yaran nan da za su yi magana suke fara buɗe baki, ko an cire ko ba a cire ba. Uwar da ta ɗauki wannan tsari kuma ba alkama kaɗai take cirewa ba. Biskit da alawa da lemon kwalba sun tafi, ta koma girki da hannunta, lokacin cin abinci ya daidaita, hankalinta duka ya koma kan yaron, galibi ma a lokacin aka sa shi makaranta. Wanne daga ciki ya yi aikin? Ga kuma wanda ba ya fitowa a zaure: uwar da ta cire wata shida ba ta ga komai ba, ba kasafai take rubutawa ba.

Akwai yaran da lallai sai an cire musu, amma don wani ciwo daban da ke tare da galahangar. Mai ciwon siliyak, wanda gulutin ke cinye masa bangon hanji, yakan zo da gudawa mai daɗewa, kumburin ciki, rama da ƙarancin jini. Gwajin jini ake fara yi, kuma dole a yi shi yaro yana kan cin alkama, domin idan an riga an cire sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba za ki yi gaban kanki ba. Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar madara sam, da ya sha sai borin jini, kumburin leɓe, amai ko shaƙewar numfashi. Akwai kuma wanda sukarin cikin madara ne ba ya narke masa, sai kumburi da tusa da zawo bayan ya sha. Wannan na ƙarshe ya yawaita a Afirka ta Yamma, in ban da Fulani makiyaya da jikinsu ya gaji jure madara har girma. Shi ma sau da yawa ba a raba shi da nono gaba ɗaya, domin kindirmo da nono mai tsami sun fi ɗanyar madara sauƙi a ciki, tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Ina kare nonon nan ne saboda ƙashinsa. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka buga bincikensu kan yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa, masu gwame da masu baka. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana, wanda da shi jiki ke samar da bitamin D, ke kawo wannan ciwo. A Jos rana ba ta yi ƙaranci ba, kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ne babu a abincin: yaran suna samun kimanin miligiram 200 a rana, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashin ya warke fiye da na waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Ɗan shekara huɗu, a ma'aunin Amurka, yana buƙatar miligiram 1,000 a rana. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana ba da kusan 300. Kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu duk suna da kalsiyam, amma ɗanki ba ya cin ko ɗaya. Nonon nan shi ne igiyar da ke riƙe da ƙashinsa a yanzu.

Bari in ba ki labarin wani yaro da ba na mantawa. Shekararsa shida, ba ya magana, kusan shekara biyu ba abin da ke shiga bakinsa sai burodi da shayi da biskit iri ɗaya. Ya fara ɗingishi, daga nan ya ƙi taka ƙasa, ko zani aka ja ya taɓa gwiwarsa sai ya ƙwalla ƙara. An yi zaton sikila, gwaji ya ce babu. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an kai wa mai ɗori. Ranar da aka kwantar da shi, uwar tana share masa baki da gefen mayafinta sai na ga jini a mayafin. Muka ɗaga leɓensa: dasashin ya kumbura, ya yi jajir har da shuɗi-shuɗi, ga wasu ɗige-ɗigen jini a ƙaurinsa a gindin kowane gashi. Likitan yara ya tambaye ta yaushe rabonsa da lemo ko tumatir ko wani ganye. Ta yi shiru tana lissafi, ta ce tun kafin a yaye ƙanwarsa. Rashin bitamin C ne, ciwon da ya riƙa kashe matuƙan jirgin ruwa a zamanin da. Maganin bai kai kuɗin katin waya ba. Kafin mako ya zagayo ya daina kukan taɓawa, bai rufe wata ba yana gudu a tsakar gida. A jerin abinci huɗun da kika aiko min babu mai bitamin C ɗin kirki ko ɗaya, shi ya sa na kawo miki wannan. Ki riƙa duba dasashinsa. Ki kuma lura ko yana laluben hanya ko tuntuɓe da magariba, domin dundumi alamar ƙarancin bitamin A ce, kuma idan aka bar shi yana iya cin ido.

Sai maganar Hajiya kaka. A kan yawancin yara tana da gaskiya, ta yi renon da ya fi nawa da naki, yaro mai tsirfa in ya ji yunwa yakan sauko. Wannan jikan nata ne daban. Tun a 1943, lokacin da Dakta Leo Kanner ya fara bayyana lalurar a kan yara 11 a Amurka, ya rubuta wahalar ciyar da da yawa daga cikinsu. Wani nazari na 2013 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna matsalar cin abinci ta ninka kusan sau biyar a yara masu galahanga. Abin da ke faruwa shi ne ji da gani da shaƙarsu ba kamar namu ba ne. Yauƙin kuɓewa da mu ke marmari, a bakinsa yana iya zama kamar an ɗura masa majina. Warin daddawa da ba ki ma ji ba, shi ya cika masa ɗaki. Dubi abin da ya zaɓa: duk fari ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, duk ba gauraye, kuma kullum ɗanɗanonsu ɗaya. Indomien yau ita ce ta jiya. Mangwaro kuwa na yau zaƙi, na gobe tsami, miyar yau ta fi ta jiya yaji. Yaron da duniya ke zo masa a hargitse yana neman abin da ba zai ba shi mamaki ba. Wasunsu kuma ba sa jin yunwa yadda muke ji, suna iya kwana biyu ba ci har ruwan jikinsu ya ƙafe. Don haka horo da yunwa haɗari ne a gare shi. Ɗure kuma, a danne hannu a toshe hanci, ya fi haɗari: abinci na iya faɗawa huhu, kuma yaron da aka yi wa haka yakan bar har abin da yake ci a da. Idan da hali ki tafi da kaka asibiti ta ji daga bakin likita, ya fi ki faɗa mata da kanki, kuma in ta fahimta ba ki da mataimaki kamarta.

To, yaya ake faɗaɗa kwanon? Fara da lokaci. Abinci uku, abin taɓawa biyu, tsakaninsu awa biyu da rabi zuwa uku, kuma a tsakanin ba komai sai ruwa. Yaron da ke yawo da kofin shayi ko biskit a hannu wuni guda ba zai taɓa zama da yunwar da za ta sa ya kalli sabon abu ba. Madara da nono a haɗe kada su wuce kofi biyu, rabin lita ke nan, a rana, kuma a ba shi bayan abinci. Zama kada ya wuce minti 20 zuwa 30, wuri ɗaya, tabarma ɗaya, kwano ɗaya da ya sani. Cin tire ɗaya da 'yan'uwa, hannuwa na shiga suna fita, ana surutu, yakan fi ƙarfinsa. Ki zuba masa nasa daban, amma ya zauna kusa da su yana ganin suna ci.

Kowane zama ki kawo abincin da ya yarda da shi yadda ya saba, ba canji. A gefe, a wani ɗan faranti daban, ki sa sabon abu ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar gyaɗa. Kada ki ce ya ci. Matakin farko shi ne ya yarda farantin ya zauna a gabansa bai ture ba. Bayan kwanaki ya taɓa da yatsa, ya shinshina, ya kai leɓe, ya lasa, ya ciza ya tofar. Tofarwar ma ci gaba ce, ki ajiye masa inda zai tofar, domin yaron da ya san yana da ikon fitarwa ya fi yarda ya saka. Yaro marar lalura yakan buƙaci ganin sabon abinci sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓa. Naki zai iya ninka haka, kada ki karaya a kwana na huɗu. Duk matakin da ya taka ki yaba masa nan take da abin da yake so, tafi ne, waƙa ce, ko murfin kwalbar da yake jujjuyawa. In ya ƙi, ki ɗauke ba faɗa ba roƙo.

Sabon abin kuma ya zama maƙwabcin wanda ya sani. Daga farar shinkafa da mai, maƙwabcinta garau-garau ne: ƙwayar wake biyu a ɗan farantin, an shafa musu man da ya saba. Idan wake ya shiga, ɗanwake na kusa, shi ma da mai ake cinsa ba miya, ga wake ga kuka a cikinsa. Daga Indomie a tafi taliya 'yar murji, ko Indomien da aka soya da ɗan ƙwai, daga nan wainar ƙwai ita kaɗai. Daga burodi a tafi burodi da aka shafa wa tunkuzar gyaɗa sama-sama, ko wanda aka tsoma a ƙwai aka soya. Nono kuwa ƙofa ce babba: fura kaɗan, sai ayaba da aka dama, sai gwanda ko mangwaro, sai garin 'ya'yan kuka mai tsamin nan, wanda yake cike da bitamin C kuma launinsa bai yi nisa da na nono ba. Idan kin lura yana son abu mai ƙaras-ƙaras, gwada ƙuli-ƙuli, soyayyiyar awara, ɓawon ƙosai, soyayyen dankalin Hausa. Dambun nama yana karɓuwa wajen yara da yawa da ba sa iya tauna tsoka. Abu ɗaya za ki canja a lokaci guda, launi ko siffa ko ɗanɗano. Kuma ina roƙonki kada ki ɓoye magani ko markaɗaɗɗen ganye a cikin babban kwanonsa. Harshensu ya fi namu kaifi, in ya gano sau ɗaya zai iya barin shinkafar gaba ɗaya, huɗu su koma uku.

Ki bar shi ya shiga aikin abinci ba tare da an ce ya ci ba. Ya tsince wake, ya wanke tumatir a roba, ya ɓare ayaba ya miƙa wa Abbansa. Hannu yakan saba kafin baki.

Ba ki ambaci bayan gidansa ba, ni kuwa shi nake fara tambaya. Taurin bayan gida ya ninka fiye da sau uku a yaran nan, kuma abincin ɗanki, fulawa da farar shinkafa da madara, shi ne ainihin mai kawo shi. Alamominsa: kwana uku ba a yi ba, ko a yi ƙanana masu tauri kamar na akuya, ko yaro ya riƙa maƙalewa a lungu yana ɗage ƙafa, ko danna ciki a hannun kujera. Wani lokaci ma sai ki ga ruwa-ruwa a wando ki ɗauka zawo ne, alhali mai taurin ne ya toshe, ruwan ke zagayowa ta gefe. Cikin da ya cushe ba ya karɓar abinci, kuma na sha ganin yaron da rigimarsa ta ragu da rabi bayan an warware masa wannan kaɗai. Ruwa, gwanda, wake, kunun da ba a tace dusarsa duka ba suna taimakawa, amma in ya riga ya daɗe sai likita ya rubuta mai tausasawa irin lactulose, a sha na watanni. Kada a ba shi kanwa ko jiƙe-jiƙen wankin ciki.

A gwada jininsa. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga abinci, don haka ki riƙa rage ganyen a hankali har kofin ya koma kusan madara zalla. Idan yana cin ƙasa, gawayi, takarda ko ɓawon fenti, ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Yakan zo tare da ƙarancin jini, yana kawo tsutsar ciki, kuma hanya ce ta gubar dalma. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba ma wasa da yaro mai kai ƙasa baki.

Game da masu talla. Yaro mai abinci huɗu ya cancanci maganin bitamin na yara guda ɗaya, na yau da kullum mai sauƙin kuɗi, wanda likita zai zaɓa, don ya cike giɓi kafin kwanon ya faɗaɗa. Tunda bai kai biyar ba, yana cikin masu karɓar ɗigon bitamin A da maganin tsutsa duk wata shida a asibitin sha-ka-tafi. Maganin ƙarin jini sai bayan gwaji, kuma a ɓoye shi nesa, yawansa na kashe yaro. Abin da ya wuce haka, man kifi, bitamin B6 mai yawa da magnesiyam, ƙwayoyin gyaran hanji, an gwada su ba a samu tabbacin suna rage galahanga ba, B6 ma in ya yi yawa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Masu sayar da na gyaran hanji sukan ce ƙwayoyin halittar cikin hanjin yaran nan daban suke. Wani bincike a Ostareliya a 2021 kan yara 247 ya nuna cewa ƙarancin nau'in abincin da suke ci ne ke kawo bambancin, wato gyaran yana cikin kwano. Nonon raƙumi abinci ne mai kyau, in yana so kuma kina da hali ki ba shi, amma a tafasa, domin ɗanyensa na ɗauke da cutar burusela mai zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Gwaje-gwajen da aka yi a kansa a Saudiyya ƙanana ne kuma na 'yan makonni, ba su kai a ce magani ne ba, balle a sayar da kadara a kansa.

Biyu kuwa ki guje su ko kyauta aka ba ki. Ɗaya ruwan da ake kira MMS, wanda bilic ne tsagwaronsa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi a kansa. Ɗayan shi ne abin da suke kira wanke ƙarfe daga jini. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar, ɗan asalin Najeriya da iyayensa ke zaune a Ingila, an kai shi jihar Pennsylvania don a yi masa wannan saboda galahanga. Maganin ya zuƙe kalsiyam ɗin jininsa, zuciyarsa ta tsaya a ɗakin likitan.

Idan yana shan wani magani ki faɗa wa mai tsara masa abinci. Risperidone, da ake ba wasu don rage tashin hankali, yana buɗe ciki ƙwarai har ƙiba ta zama sabuwar matsala, sodium valproate na farfaɗiya ma haka. Tsarin abincin nan mai yawan maiƙo da ake kira keto, wanda za ki ji ana yabo, tun 1921 aka ƙirƙiro shi don farfaɗiyar da ta gagari magani, kuma a ƙarƙashin kulawar asibiti ake yinsa, ba na gwaji a gida ba ne.

Ki nemi likitan yara ya auna nauyinsa da tsawonsa da damtsensa, a rubuta, a maimaita duk wata uku. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen masana abinci, ki roƙi a tura ki. A duba haƙoransa ma, ruɓaɓɓen haƙori yana hana tauna kuma ba zai faɗa ba. Kada ki jira ranar asibiti idan ya wuni bai sha ruwa ba ko fitsarinsa ya ɗauke, idan yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya haɗiya, idan ƙafafunsa sun kumbura, ya fara ɗingishi, ko ya bar ɗaya daga cikin huɗun nan.

Idan bayan an yi gwaje-gwajen, nauyinsa ya daidaita, abincinsa ya kai goma sha biyar ko ashirin, har yanzu zuciyarki na son ki gwada cirewar, ba zan hana ki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma a yi shi da tsari: abu ɗaya a lokaci guda, madara ko alkama, na mako huɗu zuwa shida, da abin da zai maye gurbinsa a hannu tun kafin a fara. Ki riƙa rubuta barcinsa da bayan gidansa da rigimarsa tun mako biyu kafin cirewar, malaminsa ma ya rubuta nasa ba tare da kin gaya masa ranar da kika fara ba. Sannan a mayar da abincin a ga ko wani abu ya canja. In babu bambanci, a bar masa abinsa.

A wannan makon dai ki samo littafi, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana uku, da lokaci da yawansa, har ruwa, da ranakun da ya yi bayan gida da kamanninsa. Da shi za ki je wurin likita. Gobe da rana kuma, in kin zuba masa shinkafarsa da mai, ki ajiye ƙwayar wake biyu a ɗan faranti a gefe, ki zauna kusa da shi ki ci naki garau-garau.